Tabar Turkiyya a gonar bayan gida: wa zai saya?

Tambayar wannan makon ta zo daga wani mai shagon kayan masarufi a Zariya. Ya ce wani abokinsa ya kawo masa tsarabar irin taba daga Turkiyya, yana da ɗan fili a bayan gida, kuma yana da rarar naira dubu ɗari uku. Yana so ya sani ko ya zuba kuɗin a noman wannan taba.

Malam, na gode da tambaya. Amsata a taƙaice ita ce kada ka zuba tukuna, kuma ga dalili.

Tabar Turkiyya iri-iri ce, kowace da sunan garin da ta yi fice: Izmir a gaɓar tekun yamma, Samsun da Bafra a gaɓar Baƙin Teku. Akwai 'yan uwanta a maƙwabta, irin su Basma ta Girka da Prilep ta Masedoniya ta Arewa. Ganyenta ƙanana ne, wani bai fi tafin hannu ba, ga ƙamshi, ga ƙarancin nikotin. Kamfanoni na sayenta don su gauraya da wasu nau'o'in taba. Da ita sigarin Camel ya yi suna tun fitowarsa a Amurka a 1913.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ƙamshin nan daga wahala yake fitowa. A can ana shuka ta a gangaren tudu, a ƙasa mara ƙarfi, taki kaɗan, kuma tana girma ne a lokacin zafi da babu ruwan sama. Mu kuwa daminarmu ta zo daidai da lokacin girman shuka. Idan ka sa ta a ƙasa mai taki, ruwan Agusta ya sauka a kanta, za ta yi ganye fanka-fanka ka yi ta murna, amma abin da ake biyan kuɗi dominsa ya tafi. Shanya ma a rana ake yi, ba a ɗakin busar da taba da zafin wuta ba, ga damina ba ta barin ganye ya bushe sai ya yi fumfuna. Sai dai ka koma noman rani, a nan kuma ƙurar hunturu na jiranka, don ganyen yana da danƙo, duk abin da ya sauka a kansa ya zauna ke nan.

Sai aiki, wanda shi ne zai cinye jarinka. Irin ya fi yashi ƙanƙanta, giram ɗaya ya haura ƙwaya dubu goma, don haka sai an yi rainonsa kusan wata biyu kafin dashe. Ba a girbe ta gaba ɗaya. Ganye ɗaiɗai ake tsinka daga ƙasa zuwa sama, zagaye bayan zagaye, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga nan a zauna da doguwar allura a soke kowane ganye ta jijiyarsa a jera a zare, a bar shi ya yi yaushi a inuwa 'yan kwanaki, sannan a fitar da shi rana na wasu makonni. A Izmir galibi iyali guda ne ke yin wannan, ba su cika biyan lada ba. Kai kana shago, duk hannun da zai taɓa ganyen nan sai ka biya shi. Ga shi amfanin hekta guda sau da yawa ba ya kai tan ɗaya. (Kuma don Allah kada a sa yara tsinka, ɗanyen ganye mai raɓa yana shigar da nikotin ta fata, ya kawo jiri da amai.)

To mu ƙaddara ka yi nasara, ganye ya yi kyau. Ina za ka kai shi? A Turkiyya manomi yana sa hannu a yarjejeniya da ɗan kasuwar ganye tun kafin ya shuka. Da can kamfanin gwamnati, Tekel, shi ne babban mai saye, har aka sayar da sashen sigarinsa ga British American Tobacco a 2008. Babban kamfani ba ya sayen buhu biyu daga bayan gidan mutum. Masu taba gari na kasuwanninmu kuwa ƙarfi suke nema, wadda idan aka daka ta da kanwa za ta buga kai, tabar Turkiyya a wurinsu ruwa-ruwa ce. Idan kuma ka ce za ka sarrafa ka sayar da kanka, ka shiga hurumin dokar taƙaita shan taba ta 2015, wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana talla. Ban ma taɓo maganar lafiya da abin da malamai ke faɗa a kan taba ba, wannan kai da zuciyarka.

Idan sha'awar ta ƙi barinka, shuka gindi hamsin bayan ɗaukewar ruwa, nesa da tumatir da barkono domin cutarsu ɗaya. Buɗe littafi ka rubuta kowane kwabo da kowace awa ta aiki. In ya bushe ka auna, ka ɗauki samfuri ka kai wa masu taba uku su yi maka farashi. Dubu ɗari ukun nan kuma ta ci gaba da juyawa a shago har ka ji abin da suka ce.