Amsa ga mai neman shiga sabar jami'a daga gida

Ɗan'uwa, wallahi tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ka ce a ɗakin kwamfutocin makaranta kana shiga lafiya lau, amma a gida PuTTY, manhajar da kake shiga sabar da ita, sai ya yi ta jira har ya rubuto "Connection timed out". Da alama kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Jami'o'i da yawa suna rufe ƙofar SSH (hanyar da PuTTY ke bi ya shiga sabar daga nesa), wato lamba 22, ga duk wanda ke wajen netwok ɗinsu. Ka fara kunna VPN ɗin makaranta, wato manhajar da ke haɗa ka da netwok ɗinsu kamar kana ciki, sannan ka buɗe PuTTY.

Wannan 'yar maganar ita jami'in da ke kula da sabarmu ya kasa faɗa mini lokacin da nake haɗa kundin digiri na biyu. Na tura saƙo, shiru. Na taka har ofishinsa, ko ɗago kai bai yi ba, idonsa na kan waya, ya ce in je in karanta takardar bayani. Wace takarda? Ba wanda ya taɓa ba mu ita. Da ƙyar na samu shiga, na saka lissafina ya kwana yana gudana, can da asuba intanet ya yanke. Na dawo na tarar aikin ya mutu, fayil ɗin sakamako ya tsaya a tsakiyar layi, ga malamina yana jira. Na koma wajen mutumin nan jikina na rawa, sai cewa ya yi ai kowa ya san tmux, wato manhajar da ke barin aiki ya ci gaba da gudana a sabar ko intanet ya yanke. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don Allah kada ka saki dogon aiki sai a cikin tmux. Ko intanet ya yanke aikin na nan, ka dawo ka rubuta tmux attach. In sabarku tana da Slurm, manhajar da ke jera ayyuka tana raba su ga na'urori, tura shi da umarnin sbatch ya fi, don masu kula ba sa son aiki mai nauyi a kan na'urar shiga, wato wadda kowa ke fara sauka a kanta.

Af, kalmar sirri ba ta bayyana yayin da kake rubuta ta, kada ka ɗauka madannai ne suka ƙi. In ka ga "Access denied", kada ka yi ta gwadawa a jere, wasu sabobin toshe adireshinka suke yi. A PuTTY kuma ka shiga Connection ka sa keepalive, wato ɗan saƙon da ke hana haɗin yankewa in ka yi shiru, a daƙiƙa 60. In ka kunna VPN abin bai canza ba, turo mana saƙon da ya fito mu duba tare.