Tambaya da Amsa: Ambaliya ta tsayar da masana'anta, in jira ko in sayi wadda ke ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son sayen sabuwar a-kori-kura dal. Dillali ya ce ambaliya ta tsayar da masana'antar da ke ƙera ta, sai dai in ba da kafin alƙalami in jira wata uku, ko in ɗauki ɗaya da yake da ita a ƙasa amma da ƙarin kuɗi. Wata ukun gaskiya ne? Kuma ta yaya zan tabbatar ba wadda ruwa ya ci za a ba ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wata ukun nan ka ɗauke shi a matsayin fata, domin abin da ya faru a baya ya nuna jiran yakan zarce haka. A watan Afrilun 2022 ruwa da laka suka cika masana'antar Toyota ta Prospecton da ke Durban, a Afirka ta Kudu, inda ake ƙera Hilux da Fortuner da Corolla Cross, kuma sai a watan Agusta aiki ya dawo gaba ɗaya. Ta Honda da ke Ayutthaya a Tailan ta nutse a watan Oktoban 2011, ba ta koma aiki ba sai ƙarshen Maris na 2012. Ranar da aka buɗe masana'anta kuma ba ranar za ka karɓi makulli ba: akwai layin waɗanda suka riga ka, ga tafiyar jirgin ruwa, ga kwastan.

Wani lokaci ma masana'antar lafiyarta lau, mai kawo mata kaya ne ya durƙushe. Mota ɗaya tana da sassa wajen dubu 30, kamfanoni kuma ba sa tara su a sito. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 11 ga Maris 2011, lalacewar masana'antar Renesas ta Naka, mai ƙera ƙananan na'urorin da ke cikin ƙwaƙwalwar mota, ta rage aikin kamfanoni har a wasu nahiyoyi. Wata masana'antar a Onahama da ke yin sinadarin ƙyallin fenti ta tsaya, har Ford ya hana dillalansa karɓar odar wani nau'in baƙin fenti. Saboda haka ka tambayi dillalin ko farar mota, ko wadda ba ta da kayan ƙawa da yawa, za ta riga isowa. Sau da yawa takan riga.

Kafin ka fitar da ko sisi, a rubuta abu huɗu a takardar ciniki: farashin ƙarshe, ranar miƙa mota, cikakken samfurinta da kayan da ke cikinta, da sharaɗin maido maka da kuɗinka idan ranar ta wuce. A nan mutane suka fi ƙonewa. Motar ta iso bayan wata biyar, a ce canjin dala ya tashi sai ka cika, kuɗinka kuma yana hannunsu. A kuma rubuta cewa garanti zai fara ƙirga ne daga ranar da ka karɓa.

Batun wadda ruwa ya ci kuwa, manyan kamfanoni kan murƙushe irin waɗannan ne. Honda ta lalata motoci 1,055 a Ayutthaya a gaban 'yan jarida, Toyota ma ta yi haka da dubbai a Durban. Haɗarin yana wajen motocin da ruwa ya tarar a harabar dillalai ko a tashar jiragen ruwa, inshora ta biya, aka yi gwanjonsu, wani ya wanke ya fito da su da leda a kujera.

Fara da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Ukun farko suna faɗin inda aka ƙera ta: a Toyota, AHT na Afirka ta Kudu ne, MR0 na Tailan, masu farawa da JT kuma na Japan. Wannan zai nuna maka ko ma a ƙasar da aka yi ambaliyar aka ƙera motar, don wasu fakewa suke yi da labarin su ƙara kuɗi. A jikin taya, bayan rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe mako ne da shekara: 1422 na nufin mako na 14 a 2022. Idan tayoyin sun girmi ambaliyar da kaɗan, to ka buɗe ido.

Sai ka zo da mai gyaran wayarin, ba bakanike kaɗai ba. Ya ɗaga kafet ya taɓa soson da ke ƙasansa, wanda ke riƙe danshi da warin rima na tsawon makonni. Ku zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, layin ruwa yakan zauna a jikinsa. Ku leƙa ramin safaya taya, da ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, da akwatin fis, ku nemi busasshiyar laka ko tsatsa. Ya cire soket biyu ko uku na ƙarƙashin kujera: kore-kore ko farin gari a bakin ƙarfen alamar ruwa ne. Wannan shi ne mugun ciwon, domin motar za ta tashi lafiya yau, tsatsar kuma tana cin waya a hankali, bayan watanni fitilar jakar iska ko ta birki ta fara kamawa. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara shi ma ruwa ne ya shige shi. A ƙarshe a jona na'urar bincike a karanta abin da ƙwaƙwalwar ta adana.

Idan ta ƙasan ta tsallake wannan duka, kuma motar ta neman abinci ce, ka lissafa abin da za ka rasa a wata biyar na zama ba mota ka gwada shi da ƙarin da ake nema. In kuwa kana da wadda kake lallaɓawa, jira ya fi, don ƙarin kuɗin ƙaranci yakan sauka da zarar jirage sun fara sauke kaya.