Tandarmu ɗaya, fulawarmu ɗaya, amma burodina ne ke kwana

Tambaya: Ina da gidan burodi a Zinder. Maƙwabcina ya buɗe nasa daga baya. Tandarmu iri ɗaya, fulawa ma a Kasuwar Dole muke saye mu duka, amma kafin hantsi nasa ya ƙare, nawa kuwa sai ya kwana. Bashi ya fara yi mini katutu. Wasu sun ce asiri aka yi mini, wasu sun ce in ci bashi in sayo sabon inji. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Batun inji ba shi da tsawo. Duk abin da kuɗi ke saye a kasuwa ba zai ɗaga ka sama da tsara ba, don gobe shi ma zai sayo irinsa. Tun 1991 masanin harkar kasuwanci Jay Barney ya gindaya sharuɗɗan abin da ke fifita kamfani: ya zama mai amfani, ba kowa ke da shi ba, mai wuyar kwaikwayo, kuma babu abin da ke maye gurbinsa. Inji sharaɗin farko kaɗai ya cika.

Maganar asirin ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an kawo mini ita, kuma ta rufe shagunan da rashin ciniki bai rufe ba. Mutum ya ɗebi kuɗin fulawa ya kai wa boka, a ce ya sayo baƙin bunsuru, a ba shi laya ya binne a ƙofar shago. Daga nan sai zargi: wai yaran shago ne aka haɗa baki da su. Sai ya kori mai kwaɓin da ya daɗe tare da shi, mutumin da ya san yawan ruwan da kwaɓi ke sha da hunturu, ya san da bazara dole a rage yis don kada kwaɓin ya tashi ya yi tsami. Washegari maƙwabci ya ɗauke shi aiki. Ka ga da hannunsa ya miƙa dukiyar da babu ita a kasuwa, boka kuma ya ce aikin bai kama ba, a ƙaro kuɗi. Wallahi abin yana ƙona mini rai. Ga asarar jari, ga taɓa imani, ga gaba da maƙwabci.

Abin da ake ce wa asiri yana cikin gidan burodin, ido ne bai kai ba. A 1984 Toyota ta haɗa masana'anta da kamfanin motoci na General Motors a Amurka, ta nuna musu yadda take aiki a fili, amma suka yi shekaru ba su iya kai tsarin sauran masana'antunsu ba, don hali ne da sabo na ma'aikata.

Ka tashi da asuba ka zaga teburan masu shayi. Tambaye su ƙarfe nawa burodin maƙwabcinka ke isowa, ko nauyinsa na canzawa, ko yana ɗaga musu ƙafa zuwa yamma kafin su biya, ko yana karɓar wanda ya kwana. Ka dawo ka auna naka a sikeli kullum har mako guda, ka rubuta. Ka kuma biya mai kwaɓinka haƙƙinsa kan lokaci kafin wani ya yi masa tayi.