Gari ya waye bayan guguwar ƙanƙara, mu je zamiya a bayan dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Innsbruck, ƙasar Ostiriya. Kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara da iska, yau rana ta fito tas. Abokaina sun ce mu je wasan zamiya kan dusar a bayan dutse, inda ba a gyara hanya ba, wai gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara daga kan dutse yana mataki na 3 cikin 5, tsaka-tsaki ke nan. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka je. Wannan ukun ba tsaka-tsaki ba ce. A Suwizalan, kusan rabin waɗanda zaftarewa ke kashewa a mataki na 3 suke mutuwa. A na 4 da na 5 kowa tsoro ke zaunar da shi a gida, a na 3 kuwa sai a ce ai da sauƙi.

Dusar da kake gani fara fat hawa-hawa take, kowace zuba da nata shimfiɗi. In an yi darare masu sanyi babu gajimare kafin guguwar, saman tsohuwar dusar yakan zama ƙwayoyi warwatse kamar sukari, ba sa kama juna. Sai sabuwa ta zo ta kwanta a kai. Iska kuma tana kwashe ta daga fuskar dutsen da take bugawa ta jibge a ɗaya fuskar, ta danne ta ta zama fale guda. Ka watsa gero a kan siminti mai gangara, ka ɗora katifa, sannan ka taka: abin da ke ƙarƙashin ƙafarku ke nan. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga falen, tsagar ta ruga gefe da gefe, gangaren duka ya taho. Shi ya sa kusan tara cikin goma na waɗanda abin ya rutsa da su, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da shi.

Gangare mai digiri 30 zuwa 45 ya fi zaftarewa, kuma abin haushi shi ne ya fi daɗin zamiya. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko bayan guguwa su ne mafi muni, sai dai raunannen shimfiɗin nan yakan yi makonni bai warke ba. In ka ji "wuf" a ƙarƙashinka kamar ƙasa ta nisa, ko ka ga tsaga ta fita daga bakin takalmin zamiyarka, juya nan take.

Ka tambayi abokan naka: kowa yana da na'urar neman wanda ya binnu, da sandar caka, da shebur? Sun iya aiki da su? Wanda aka tono cikin minti 10, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 abin ya faɗo kusan ɗaya cikin uku, don dusar tana daskarewa kamar kankare, numfashi ya ƙare. Da wuya jirgin ceto ya iso cikin wannan lokaci.

Wannan makon ku tsaya a hanyoyin da aka buɗe. In bayan dutsen kake so, fara da kwas ɗin koyon kauce wa zaftarewa, ka bi ƙwararren ɗan jagora, kuma ka riƙa karanta bayanin zaftarewa na Tirol, jihar da Innsbruck take, na kowace rana har ƙasa, inda ake faɗin tsawo da fuskar dutsen da haɗarin yake.