Bangon Korido da Fanel: Ya Dace da Gidan Zamani a Kaduna?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Unguwar Dosa ce a nan Kaduna. Gidanmu ginin zamani ne, shekararsa uku da gamawa. Koridon da ya tashi daga falo zuwa ɗakunan kwana dogo ne, ba taga, faɗinsa kuma bai fi mita ɗaya da ɗan ɗori ba. Sau biyu ana yi masa fenti, amma ko wata uku ba ya yi yara sun ɓata shi da hannu da biro. Ina ganin hotunan bangon da aka lulluɓe da katako ko fanel mai layi-layi a Instagram, abin yana burge ni. Maigidana ya ce wannan tsohon yayi ne, sai ka ce kotu, kuma gara ce za ta cinye kuɗin. Wani gefe na bangon yana haɗe da banɗaki, fentin ƙasan wurin ma ya fara ɓarewa. Ya dace in yi, ko in haƙura?

Wata mai karatu daga Unguwar Dosa

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya dace, kuma a ganina korido ma ya fi falo buƙatar wannan aikin, domin babu bangon da ke shan wahala a gida kamarsa. Nan ake wucewa da jakar makaranta, da keken yara, da bokiti, da katifa ranar da baƙi suka zo. Sai dai ba zan ce ki kira kafinta gobe ba. Maganar da kika kawo daga ƙarshe, wato fentin da ke ɓarewa a gefen banɗaki, ta fi duk sauran nauyi a wurina, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Amma bari mu fara ba maigida haƙƙinsa. Abin da yake tunawa gaskiya ne: katako mai duhu da aka sha wa banish, daga ƙasa har silin, irin na tsofaffin ofisoshin gwamnati da ɗakunan shari'a. Wanda ya yi wannan a korido mai faɗin mita ɗaya, ba taga, ya mayar da shi rami. Abin da ya tsufa a wannan salon shi ne duhun launin, da tsayin da ya cinye bango gaba ɗaya, da yawan sassaƙa. A Turai, inda abin ya samo asali, sun yi shi ne don tare sanyi da laima a gidajen dutse, shi ya sa suke kai shi har sama. Mu a Kaduna ba sanyin bango ne damuwarmu ba. Damuwarmu dauɗar hannu ce da gogar kaya, kuma waɗannan ba sa wuce ƙugun babban mutum. Saboda haka fanel ɗin da ya tsaya a santimita 90 zuwa 120 daga ƙasa ya biya buƙata, sauran bangon a bar shi da fenti mai haske.

Yanzu ga maganar danshi. Fenti ba ya ɓarewa haka kawai a ƙasan bango. Ruwa ne ke turo shi daga ciki, kuma ruwan yana da hanyarsa. Ko dai fayif ɗin da aka binne a bangon banɗakin yana yoyo a mahaɗa, ko ruwan wanka yana bi ta tsakanin tayil inda simintin cikewa ya zaizaye, ko kuma ƙasa ce ke tura laima sama saboda magini bai shimfiɗa ledar tare danshi da kyau ba lokacin da ake zuba daɓen gini. Wannan na ƙarshen yana da alama: laimar takan hau bango a jere, da wuya ta wuce mita ɗaya, kuma takan bar wani farin gari mai kama da kanwa a inda ta tsaya. Idan kuwa tabon a wuri ɗaya ya taru, daidai bayan famfo ko shawa, to fayif ne ko tayil.

Gwajin da zan ba ki ba ya cin kuɗi. Ki samo farar leda mai kauri, ki yanka kamar faɗin littafin rubutu biyu, ki manna a kan wurin da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta kwana biyu ko uku. Idan kika ɗaga kika ga raɓa a fuskar da ke kallon bango, ko filastan ƙarƙashin ya yi duhu, bangon yana fitar da ruwa. Ki yi irin wannan a ɗaya gefen koridon ma, don ki kwatanta. Sannan da dare a cika tankin sama, a rufe duk famfunan gida, a sa alama a inda ruwan ya tsaya. In da safe ya ragu alhali ba wanda ya taɓa, a nemo mai gyaran famfo. Lokacin gwajin ma yana da muhimmanci. Wanda ya gwada bango a watan Janairu zai ga kusan kowane bango a garin nan busasshe ne. Agusta da Satumba, lokacin da damina ta nutsa ƙasa ta ƙoshi, su ne suke faɗin gaskiyar gini.

Ina nanata wannan ne saboda abin da nake gani idan an rufe jiƙaƙƙen bango. Akwai wani gida a Barnawa, wajen da ke gangarawa bakin kogi, da aka kira ni saboda korido yana wari an rasa daga ina. A ido fanel ɗin lafiyarsa ƙalau, fari tas. Da muka ɓamɓare fallen farko, bayansa baƙi ƙirin da fumfuna, ƙasansa ya kumbura ya ninka kaurinsa, yana marmashewa a hannu. A jikin filastan ga hanyoyin gara na jar ƙasa, siraran kamar yatsa, sun tashi daga tsagar sikatin, wato ɗan layin da ake zagaye gindin bango da shi, sun bi bayan katakon sun kai ga firam ɗin ƙofar ɗakin yara. Tushen abin kuwa ɗan ƙaramin yoyo ne a bayan mazaunin banɗaki, wanda da a buɗe bangon yake da tun watan farko an gani. A nan maigidanki ya sake yin gaskiya game da gara, sai dai ba katako kaɗai ke kiranta ba. Duhu da laima da wurin da ba a leƙawa, su take nema, kuma bayan fanel a jiƙaƙƙen bango ya haɗa mata duka ukun. A gyara yoyon, a kankare filastan da ya rube, a sake sabo, a bar shi ya bushe sosai. Filasta ba ya bushewa a kwana uku ko da samansa ya yi fari; ki ba shi makonni.

Idan bango ya bushe, sai maganar me za a sa. Yanayin Kaduna yana wahalar da katako fiye da yadda mutane suke zato. A tsakiyar hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ya haura kashi 80. Katako yana shan wannan laimar ya buɗe, ya fitar da ita ya tsuke. Kin san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, da hunturu kuma a riƙa hango haske ta gefenta. Abin da zai sami fanel ɗin katako ke nan. Ƙari a kan haka, yawancin katakon da ake saukewa a kasuwanninmu daga kudu yake zuwa, sau da yawa da sauran ɗanyantakarsa. In kafinta ya saya yau a Panteka ya buga gobe, kafin watan Fabrairu mahaɗun sun buɗe baki. Wadda ta nace sai katako na gaske, to a zaɓi mai ƙwari da gara ba ta cika so ba, irin su iroko ko maɗaci, a yanka shi siri-siri maimakon faffaɗan falle, a jera shi a cikin gidan ya yi mako biyu ko fiye kafin a buga. A shafa maganin gara da fenti ko banish gaba da baya da gefuna, har wurin da ido ba zai gani ba, a kuma bar ɗan sarari kamar milimita 5 a ƙarshen kowane layi. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi kada ya shigo nan, warinsa ba ya barin korido marar taga.

Allon MDF da HDF, wanda ke zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, shi kafintoci suka fi so, don yana da santsi, yana karɓar fenti, kuma ba ya motsi kamar katako. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: ruwa. Garin katako ne da gam aka matse, in ƙasansa ya sha ruwan guge-guge ya kumbura, ba ya komawa. Mai launin kore a ciki ya fi jure laima, amma shi ma ba a yi shi don zama cikin ruwa ba, duk abin da mai shago zai faɗa. Idan za a sa shi, kada ya taɓa ƙasa. A bar sikatin na tayil mai tsayin santimita 10, fanel ya zauna a kansa.

Wanda kike gani a Instagram mai layi-layi, yawancinsa roba ce, ko PVC zalla ko roba gauraye da garin katako. Gara ba ta damu da shi ba, ruwa ba ya kumbura shi, tsumma ɗaya ya goge shi. Mai araha ɗin cikinsa fanko ne, kan keken yaro yana iya huda shi, kuma ba a cike hujin sai dai a sauya fallen. Amma abin da ya fi damuna da shi wani ne daban. Koridonki shi ne hanya ɗaya tilo daga ɗakunan kwana zuwa waje, tagoginmu kuwa duk da ƙarafan tsaro a jikinsu. Allah Ya kiyaye, in gobara ta tashi, PVC yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro, kuma a gobara hayaƙi ya fi wuta saurin kayar da mutum. A gidaje da yawa akwatin rarraba wutar lantarki ma a korido yake. Shi ya sa ba na yarda a lulluɓe korido da roba gefe biyu har silin, balle a ce silin ɗin ma na PVC ne. Ɗan yanki a bangon ƙarshe inda ido ke sauka, nesa da akwatin wuta, wannan ba laifi.

Akwai hanyar da mutane ke rainawa, ni kuwa ita na fi ba da shawara a gefen banɗaki. Magini mai hannu yana iya fitar da siffar fanel ɗin da siminti a jikin filastan kansa: layi ɗaya a kwance a tsayin ƙugu, sai murabba'ai a ƙarƙashinsa, a goge su yi santsi, a bi da fenti mai wankuwa. Daga nesa ba mai bambanta shi da katako. Ba bayan da gara za ta ɓuya, ba abin da zai kama wuta, kuma in laima ta dawo za ki gani da wuri. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa kallon zanen da ke fitowa a jikin zaurukan tsohon birnin Zariya ya san maginanmu sun daɗe da iya ƙawata bango da jikinsa. POP, wato farar hodar da ake yin silin da ita, yana yin irin wannan siffar, amma a ƙasan bangon gidan yara yana saurin gutsirewa, a bar shi a sama. Tayil mai kamar katako shi ma yana yi, in dai ba mai ƙyalli ba ne, don mai ƙyallin yakan sa korido ya zama kamar ci gaban banɗaki.

Ki kuma ɗauki tef ki auna kafin komai. Fanel ɗin da aka ɗora a kan sandunan katako yana cin kusan santimita 4 a kowane gefe. Gefe biyu santimita 8 ke nan, a koridon da tun farko faɗinsa santimita 110 ne ko ƙasa da haka. Ranar da za a shigar da wadirof ko gado za a ji wannan ragin. Siraran sanduna da ake mannawa kai tsaye a busasshen bango, a yi musu fenti ɗaya da shi, santimita 1 ko 2 kawai suke ci.

Launi kuwa, tunda ba taga, ki tsaya a fari mai ratsin madara, ko toka-toka mai haske, ko ruwan ƙasa mai haske, ƙasan ya ɗan fi saman duhu. Layuka su zama a tsaye. Na kwance suna ƙara wa korido tsawo a ido, kuma kowane layi mazaunin ƙurar hunturu ne. Haka ma ɗan bakin da ke saman fanel: a yi shi siriri, a ɗan karkata shi. Fanel mai zurfin ramuka yana da kyau a hoto, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai an bi shi da burushi rami-rami.

Da ni ke da koridon nan, ga yadda zan yi. A gyara banɗaki tukuna, a jira bango ya ci gwajin leda. Gefen banɗakin a yi masa siffar siminti. Ɗaya gefen, in ya tabbata busasshe, a sa HDF ko siraran sandunan katako a kan sikatin na tayil, tsayi mita ɗaya, siffa da launi iri ɗaya da na simintin yadda gefen biyu za su dace. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, mai wayarin ya zo ya nuna inda bututun waya suka bi a cikin bango, ya kuma fito da soket da makunnin wuta su daidaita da sabuwar fuskar. Kada a binne ko ɗaya a baya.

Wajen zaɓen mai aiki, kada hoton waya ya ishe ki, don aiki ranar da aka gama shi duk kyau gare shi. Ki ce ya kai maigida ya ga wanda ya yi da ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, a duba mahaɗu da ƙasan fallen. Sannan ya fara yin mita ɗaya a koridonki, ku kalle shi da rana da kuma dare a hasken ƙwai, in kun gamsu a ci gaba. Kuɗin aiki a biya kashi-kashi, kason ƙarshe sai an gama fenti an share wuri.