Ku Tambayi Anti: Shigar ƙyalƙyali ta mawaƙan Ingila da 'yan matan bangon mujalla

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce, ina koyon ɗinki da zanen tufafi a Zariya. Malamarmu ta sa mu binciko tsofaffin yayi, sai na ci karo da hotunan wasu mawaƙan Turawa cikin kaya masu walƙiya, takalmansu kamar an ɗora mutum a kan bulo, ga kwalliya a fuska alhali maza ne. An rubuta glam rock a ƙasan hotunan. Na kuma ga bangon mujallun 'yan mata na zamanin. Ina asalin wannan shiga? Haka 'yan matan suke fita da gaske? Kuma akwai abin da mai ɗinki irina za ta ɗauka a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Wannan yayi a Ingila aka haife shi, kuma bai yi tsawon rai ba, daga 1971 zuwa wajajen 1975 ne ganiyarsa. Yawanci ana kafa farkonsa da watan Maris na 1971, lokacin da Marc Bolan, jagoran ƙungiyar T. Rex, ya fito a shirin waƙoƙi na BBC mai suna Top of the Pops da garin ƙyalli a ƙarƙashin idanunsa. A lokacin talbijin mai launi bai daɗe da fara shiga gidajen mutane ba, don haka duk mawaƙin da ke son a tuna da shi washegari sai ya nemi abin da zai ɗauki ido a akwatin. Kayan nan na dandamali ne, don fitila da kyamara aka ɗinka su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin da ƙasar take ciki. A 1972 masu haƙar kwal sun shiga yajin aiki, ana ta ɗauke wuta. A farkon 1974 gwamnatin Edward Heath ta taƙaita wa masana'antu lantarki zuwa kwana 3 a mako. Cikin wannan ƙunci ne 'ya'yan talakawa suka fito da satin da karammiski da yadi mai zaren azurfa. Mahaifin Bolan direban babbar mota ne. Noddy Holder na ƙungiyar Slade, wanda mahaifinsa wankin tagogi yake yi, ya jera ƙananan madubai a jikin doguwar hularsa, in fitila ta haska shi sai hasken ya watsu a kan 'yan kallo. Dabara ce mai arha, amma ta cika zaure.

Tunda ke mai ɗinki ce, ki bar kallon mawaƙan, ki nemi telolinsu. David Bowie da ya fito a 1972 da sunan Ziggy Stardust, wani matashin tela, Freddie Burretti, shi ya ɗinka masa kayan farko, jan gashin kuma aikin wata mai gyaran gashi ce, Suzi Fussey. A 1973 Kansai Yamamoto ɗan Japan ya yi masa kayan da suka fi shahara, ciki har da wata baƙar shiga mai sheƙi da fararen layuka, ƙafafunta sun buɗe sun yi kumburi gefe da gefe. Daga wasan gargajiyar ƙasarsu na kabuki ya ɗauko dabarar rigar da ake fizgewa a gaban jama'a, wata ta bayyana a ƙarƙashinta nan take. Ki zauna ki kalli wannan baƙar shiga da kyau, ki bi layukan da ido ki ga yadda suke juya siffar jiki. Darasi ne sukutum.

Batun maza da jan baki da gazal kuwa, ko a can ya tayar da ƙura, iyaye da yawa sun yi tir da shi. Ba al'adarmu ba ce, addininmu ma bai yarda namiji ya kwaikwayi mace ba. Ki bar musu wannan.

Sai 'yan matan mujalla. A'a, ba haka suke fita ba. Mujallar da ta fi kowace kasuwa a wajensu ita ce Jackie, da kamfanin D.C. Thomson na garin Dundee a Sikotilan ya riƙa bugawa duk mako daga 1964 zuwa 1993. Wadda za ki gani a bangonta yarinya ce mai fara'a da rigar sanyi ko riga mai furanni, irin wadda mai karatu za ta ce ai wannan kamar 'yar ajinmu. Shafukan yayin ma sau da yawa zanen hannu ne, ba hoto ba. Masu saye 'yan makaranta ne da ɗan kuɗin kashewa, abin da suke iya samu shi ne takalmi mai tudu, wando mai faɗin ƙafa, da ɗan ƙyalli a fatar ido ranar fita. Mai hali ta leƙa kantin tufafi na Biba, na mai zanen kaya Barbara Hulanicki, a Landan, wanda ya rufe a 1975. Mujallar kuma ta san kasuwa: sai ta raba babban hoton mawaƙin Amurka David Cassidy ko Donny Osmond gida 3, kowane mako a sa ɓangare ɗaya, dole ki saya har sau 3 kafin ki haɗa ki manna a ɗaki.

Ki lura da abu biyu in kina kallon hotunan. Rigar da ta zauna das a jikin mai talla, galibi an tsuke ta da fil ta baya, an gyara haske, an zaɓi hoto ɗaya cikin masu yawa, saboda haka kada ki auna ɗinkinki ko jikinki da shi. Sannan kusan dukansu farare ne. Sai a Agustan 1974 baƙar mace ta farko, Beverly Johnson, ta hau bangon mujallar yayi ta Vogue ta Amurka. Iman 'yar Somaliya ta shiga harkar tallan tufafi bayan wani mai hoto ya gan ta a Nairobi a 1975, ita ce kuma ta auri Bowie a 1992.

Abin ɗauka yana nan: tsayayyar kafaɗa, hannu mai buɗewa a ƙasa, da ƙarfin halin haɗa launi biyu masu faɗa da juna. Duk za su zauna a doguwar rigar biki mai rufe jiki. Wuri ɗaya za ki sa ƙyallin, ko wuya ko bakin hannu, ki bar sauran rigar ta huta. Satin yana da santsi, ki sa siririyar allura, ki shimfiɗa takarda mara kauri a ƙarƙashinsa kafin ki taka keke. Yadi mai duwatsu, ki cire na layin ɗinki tukuna, in ba haka ba allurarki za ta karye. Mai zaren azurfa kuma yana ƙaiƙayi, ba ya shan gumi, ga zafin Zariya a watan Afrilu, don haka ki yi masa shafi da auduga mai laushi. In kin gama aikin ki aiko mana da hotonsa, ki gaishe min da malamarku.