Amsa ga ɗan'uwa mai neman zama ɗan ƙasar Amurka bayan doguwar tafiya gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce shekararka shida da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, amma bara waccan ka je Kano jinyar mahaifiyarka har ka yi wata takwas, yanzu kana tambaya ko za ka iya neman zama ɗan ƙasa, kuma ko fasfonka na Najeriya zai salwanta. Da farko dai, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da mafificin alheri. Na bi wannan hanyar da kaina, na kuma raka mutanenmu da dama a nan New York, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kada ka aika fom ɗin N-400, wato na neman zama ɗan ƙasa, tukuna. Yawancin mutanenmu jarrabawa suke tsoro, alhali ba kasafai take kayar da mutum ba. Abin da ke kayar da mu shi ne tafiye-tafiyen gida da kuma abin da muka rubuta a takarda.

Ƙa'idar ita ce mai girin kad ya cika shekara 5 kafin ya nema, ko shekara 3 idan yana zaune da matarsa 'yar ƙasa tsawon wannan lokacin. Ana iya aika fom saura kwana 90 wa'adin ya cika. A cikin shekara biyar ɗin dole ka kasance cikin Amurka da ƙafarka aƙalla wata 30, kuma ka yi wata 3 a jihar da kake nema. Waɗannan duk da alama ka cika su. Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin zama ba yankewa. Tafiyar da ba ta kai wata shida ba, galibi ba a ɗaga mata gira. Wadda ta wuce wata shida amma ba ta kai shekara ba, hukumar USCIS mai kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa tana ɗauka cewa ka yanke zamanka, sai dai in ka kawo hujjar da za ta nuna akasin haka. Wadda ta kai shekara kuwa ta yanke shi kai tsaye, ko da ka fita da takardar izinin dawowa, domin ita girin kad take karewa, ba lissafin zama ɗan ƙasa ba.

To kai a tsakiya kake, wato nauyin hujja a kanka yake. Jami'in zai so ya ga cewa gangar jikinka ce kawai ta tafi, rayuwarka tana nan: ba ka ajiye aikinka ba, iyalinka suna nan, ka ci gaba da biyan kuɗin haya, ba ka kama wani aiki a can ba. Nemo wasiƙar wurin aiki da ke nuna hutu ka ɗauka, rasit na haya na waɗancan watannin, bayanan asusun banki, takardun harajin shekarar, da takardun asibitin Hajiya. In kana da waɗannan a hannu, ina ganin kana da ƙafar tsayawa. In kuwa ka saki ɗaki ka bar aiki kafin ka tafi, shawarata ka yi haƙuri ka ƙirga shekara 4 da wata 6 daga ranar da ka dawo, sannan ka nema. Na san da ciwo, amma ya fi a ce ka biya dala 710 ta intanet, ko 760 in da takarda ce, a ƙarshe a ce ba ka cancanta ba, kuɗin kuma ba a mayarwa. Wannan farashin tun Afrilun 2024 yake, ka duba shafin hukumar kafin ka biya. Masu ƙaramin ƙarfi suna da ragi, wasu ma ana yafe musu.

Ka zauna da fasfunanka, tsoho da sabo, ka fitar da kowace tafiya da ranar fita da ta dawowa, har Umara da ɗan leƙawa Kanada. A ranar ganawa, bayan ka ɗaga hannun dama ka yi alkawarin faɗin gaskiya, jami'in yakan buɗe fasfo yana bin hatimi ɗaya bayan ɗaya, yana duba kwamfutarsa. Abin da yake tambayarka, sau da yawa yana gabansa a rubuce. So yake ya ji ko bakinka zai zo daidai da shi.

Sai maganar da ba ma son a taɓo a cikin jama'a, amma rufe ta zalunci ne ga masu zuwa. Fom ɗin yana tambayar aurarrakinka da 'ya'yanka, har waɗanda ke gida. Yana kuma da tambaya kan auren mace fiye da ɗaya, kuma a dokarsu wanda ke cikin irin wannan auren ba ya cika sharaɗin kyakkyawan hali. Addininmu ya halatta, dokar ƙasar ba ta yarda ba. Duk wanda wannan ta shafa ya ga lauyan shige da fice kafin ya rubuta ko harafi ɗaya, kada ya bi shawarar masu cewa "kai dai ka ce a'a". Wanda ya sami zama ɗan ƙasa da ƙarya, ana iya ƙwace shi ko bayan shekaru. Kuma ɗan da ka ɓoye yau, da wane baki za ka nemo masa biza gobe?

Haka batun haraji: duk shekarar da ba ka cike ba, gyara ta, in akwai bashi ka shiga yarjejeniyar biya ka riƙe takardar. Duk wanda 'yan sanda suka taɓa kamawa, ko da an kori ƙarar, ya nemo takardar kotu ya kuma faɗa. Namijin da ya zauna a ƙasar tsakanin shekara 18 zuwa 26 ana sa ran ya yi rajistar Selective Service, wato ta mazan da za a iya kira aikin soja in buƙata ta taso. Sannan ka tuna ko an taɓa sa ka rajistar zaɓe wajen karɓar lasisin tuƙi, domin mai girin kad da ya yi zaɓen tarayya ko ya ce shi ɗan ƙasa ne ya jawo wa kansa babbar fitina, har tana iya kaiwa ga kora.

Jarrabawar kam ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Za ka karanta jimla ɗaya daga cikin uku, ka rubuta ɗaya daga cikin uku, sauran Turancin kuma a hirarku ake auna shi. Tambayoyin tarihi da tsarin mulki da can 100 ne, a yi maka 10 ka ci 6. Ga waɗanda suka aika fom daga 20 ga Oktoban 2025, sun koma 128, a yi maka har 20 ka ci 12. Duk suna shafin hukumar da amsoshinsu, kyauta. Wanda ya faɗi ana sake ba shi dama bayan kwana 60 zuwa 90. Ku gaya wa iyayenmu da ke jin tsoron Turanci: mai shekara 50 da ya yi 20 da girin kad, ko mai 55 da ya yi 15, an ɗauke masa Turancin, zai iya zuwa da tafinta ya amsa da Hausa. Na ga dattijuwar da ta yi shekaru tana sabunta kati don ba wanda ya taɓa gaya mata wannan.

Fasfonka na Najeriya yana nan daram. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 bai hana ɗan Najeriya na haihuwa riƙe wata ƙasa ba, Amurka kuma ba za ta karɓe shi ba, duk da cewa a rantsuwar akwai furucin barin biyayya ga wata ƙasa. Abin da take buƙata shi ne ka fita ka shiga ƙasarta da fasfonta. Gida kuma ka shiga da koren fasfonka na Najeriya. 'Yan'uwanmu na Gana da Nijar su ma dokarsu ta yarda, amma na Kamaru su yi tunani sosai, domin tasu ba ta amince da ƙasa biyu ga baligi ba.

Ranar rantsuwa za ka miƙa girin kad ɗin, a ba ka takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kafin ka bar zauren, tsaya ka karanta ta harafi-harafi. Sunayenmu suna shan wahala a hannunsu: Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, ranar haihuwa ta juye da wata. Gyara a wurin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. 'Ya'yanka da ba su kai 18 ba, in suna da girin kad kuma suna zaune tare da kai a nan, sun zama 'yan ƙasa a ranar ba tare da wata jarrabawa ba, sai dai ka nema musu fasfo. Daga nan kuma kana da damar nema wa Hajiya takardar zama, abin da mai girin kad ba ya iya yi wa iyayensa, kuma in jinya ta sake kira, za ka je ka zauna iya yadda ta buƙace ka ba mai ƙirga maka watanni.

Ka fara da tattara takardun watanni takwas ɗin nan a wannan makon, ka kai su ga lauya ko ƙungiyar taimakon baƙi da gwamnati ta amince da ita. Ka guji masu cike fom a bayan shago. Allah ya sa a dace.